Wunin da mazubin fayil ya cinye

Talata, da dare.

Aikin yau bai wuce tambaya guda ba, amma ita ta kai ni har magariba: a wane irin mazubi, wato nau'in fayil, za mu riƙa zuba takardun kwangila kafin su bar hannunmu? Oga ya gindaya sharuɗɗansa tun da safe. Wanda aka ba izini kaɗai zai buɗe, ba bugawa, ba kwafa, kuma in mutum ya bar aiki a iya janye izininsa ko da fayil ɗin yana cikin kwamfutarsa.

Abokin aikina ya ce, "Malam, ai PDF ne kawai, a sa masa kalmar sirri kowa ya huta." Da gaskiyarsa ta wani ɓangaren. Kalmar buɗewa tana kulle fayil da gaske, musamman da tsarin kulle mai ƙarfi na AES-256 da ke cikin PDF 2.0 na 2017. Hana bugawa da kwafa ne wasan yara. Alama ce kawai a jikin fayil, manhajar da ta ga dama ta mutunta ta, wadda ba ta ga dama ba ta tsallake. Kamar ka rubuta "ba a shiga" a ƙofar da ba ta da sakata ne.

ZIP, mazubin da ake tattara fayiloli a ciki, ban daɗe a kansa ba. Tsohon kullensa, ZipCrypto, tun 1994 masu bincike Biham da Kocher suka nuna yadda ake fasa shi. Ko an yi amfani da AES, sunayen fayilolin da ke ciki suna nan a fili, alhali wani lokaci sunan kaɗai ya isa ya tona asiri. Takwaransa 7z yana iya ɓoye sunayen, na yaba masa. Sai dai duk cutarsu ɗaya: kalmar sirrin da ka faɗa wa mutum ba ka da hanyar karɓo ta. OpenPGP, tsarin kulle saƙo, ya fi su sanin wanda ake aika wa, tunda kowa da nasa mabuɗin, amma shi ma in saƙo ya isa, shi ke nan.

Bayan azahar na bar kallon ƙarfin kulle na koma kan inda mabuɗin yake zama. Sharaɗin Oga na janye izini ba zai yiwu ba muddin fayil da kalmar sirri sun wadatar a buɗe. Dole mabuɗin ya kasance a hannun wata sabar, wato kwamfutar cibiya, da za a riƙa tambaya. Haka tsarin Microsoft Purview yake: Word ko Excel sai ya tabbatar da ko kai wane ne, ya karɓo lasisin amfani, sannan ya buɗe. Wani mazubin mai irin wannan tsari, OpenTDF, ya fi burge ni don ana ganin cikinsa. Shi ma ZIP ne, amma yana ɗauke da takardar a kulle, da wani ɗan fayil mai bayanin ƙa'idar izini da mabuɗin da aka nannaɗe, wanda sabar mabuɗi kaɗai ke iya warwarewa. An ɗaure ƙa'idar da mabuɗin, in aka taɓa ta sabar za ta ƙi.

Amma fa akwai wahala, kuma na rubuta wa Oga ita ba tare da kwaskwarima ba. Wanda muka aika wa sai yana da manhajar da ta san mazubin. Sai da intanet, aƙalla a buɗewar farko. In sabar ta mutu ko mabuɗanta suka salwanta, takardar da ya kamata a karanta bayan shekara 10 ta zama shara. Kuma babu mazubin da zai hana mutum ɗaukar hoton allo da wayarsa, duk wanda ya ce yana da shi talla yake yi.

Shawarar da na bayar: kwangilolin da ake kan aiki da su su shiga tsarin sabar, na ajiya kuma su zauna a PDF/A, nau'in PDF na ajiyar dogon lokaci, wanda ma bai yarda da kulle a jikinsa ba, a tsare ma'ajiyar da kanta.

Abu ɗaya ya rage. A tsarin Microsoft, in ba a sauya ba, lasisin amfani yana kai kwana 30, wato wanda aka janye wa izini zai iya ci gaba da buɗe takardar da ya riga ya buɗe har wa'adin ya cika. Na nemi a rage kwanakin, na kuma gaya wa Oga masu yawan tafiya za su yi ƙorafi. Har na tashi bai ba ni amsa ba.