Wai ni ce bakinsa

Talata. Sanyi ya dawo da ƙarfinsa, sai da na ɗora ruwa sau biyu kafin yara su yarda da wanka. Na sauke manyan a makaranta, na biya Farin Gada na sayo dankali da kabeji. Tumatir ya ɗan sauko, alhamdulillahi.

Daga nan sai gidan Hajiya a Gangare, ni da Auta.

Muna zaune ya nuna kofi, ya ce "uh". Na tashi na ɗebo masa ruwa. Can ya ja jakata, na ciro masa biskit. Ya fara ƙananan kuka, na miƙa masa waya. Hajiya tana jan carbi tana kallonmu, ba ta ce komai ba sai da ta shafa. Sannan ta ce, "To me zai sa ya yi magana? Ai ke ce bakinsa."

Na sunkuyar da kai na ce nauyin baki ne, Abbansa ma an ce haka ya yi. Ta ce, "Ubansa ya yi nauyin baki, amma mu ba mu bar shi ya huta ba. Yana goye ina daka ina masa surutu, ga turmi, ga kaza, wa ya shigo. In yana son abu, sai na yi kamar ban gane ba."

Maganar nan ta bi ni har cikin keke. Shekararsa 2 da wata 3. Sa'anninsa da yawa sun fara haɗa kalma biyu, "ba ni", "Mama zo". Na ƙirga nasa da yatsu: Mama, Abba, a'a, mota. Hannu ɗaya ma bai cika ba. Maman 'yan biyu kullum cewa take haɗa masa Hausa da Turanci ne ya rikita shi. Ban yarda ba. Nan Jos yaro nawa ne ke tashi da Birom da Hausa da Turanci, bakinsa kamar aku? Wayar ce ta fi ci mini rai. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 2 kada ya wuce awa 1 a rana a gaban allo. Na san wannan sarai, amma in ina girki wa ke duba agogo.

Bayan magariba na gwada. Ya nuna kofi, na durƙusa daidai fuskarsa, na ce, "Ruwa? Ruwa kake so?" Na yi shiru ina jira. Ya kalle ni kamar na ci amanarsa. Har zan sakar masa, sai ya ce, "Uwa."

Abbansu ya ce ruwa yake nufi. Ni dai na karɓa duka biyun.

Yanzu kowa ya yi barci, ni kuma na tuna kunnensa da ya yi ta zubar da ruwa hunturun bara. Ɗazu na kira shi daga bayansa sau biyu kafin ya waiwayo. Alhamis zan kai shi JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, a gwada jinsa.

Ban jiƙa waken gobe ba ma.