Manhajar kyauta ta isa, bidiyon waya ne ya ja mini asara

Duk mai haɗa bidiyo, musamman wanda aka ɗauka da waya, kafin ya miƙa wa mai aiki ya ja shi can ƙarshe ya kalli bakin mai magana. Farkon bidiyo ba ya nuna komai. A walimar saukar Alƙur'ani ta Islamiyyarmu da ke Unguwar Rogo a nan Jos na gamu da wannan, kuma har yanzu abin bai bar raina ba.

Kyamara ɗaya muka aro, sai wayoyi biyu na malamai, murya kuma daban aka ɗauke ta daga na'urar lasifika. Yanka da jerawa da sa sunayen yara duk sun tafi lafiya a laftof ɗina mai ram 8 (ram ita ce ma'adanar da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin). Na fitar da bidiyo mai tsawon fiye da awa guda, na duba farkonsa, baki da murya sun zauna daram. Na zuba wa iyayen da suka biya kuɗi a memori, sannan na kai wa Babban Malam a filashi.

A falonsa aka kunna, 'yan kwamitin iyaye na zaune. Ana cikin kallo, an kusa ƙarshe, sai ya ɗaga hannu.

"Tsayar mana. Yaron nan ya rufe baki, amma maddin bai ƙare ba."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, bari a mayar baya a gani."

Aka mayar. Haka ne. Yaro ya gama aya ya sunkuyar da kai, muryarsa tana nan tana jan maddi. Da bidiyon biki ne, da ana iya kawar da kai. Amma karatun Alƙur'ani ne, kuma iyaye sun ba da kuɗinsu ne don su ga bakin ɗansu yana fitar da haruffa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne shawarar da na yi ta samu. Kowa sai ya ce ai araha ba ta ado, tunda na dogara da kayan kyauta. Har da mai cewa in je kasuwar Taminos a sa mini babbar manhaja ta sata. Da na bi maganarsu, da na kwaso wa kwamfutata cuta a banza, domin matsalar tana cikin fayil ɗin tun daga waya.

Ga yadda abin yake. Kyamarar aiki tana ɗaukar firem, wato hotunan da ake jerawa su zama bidiyo, adadi ɗaya a kowace daƙiƙa, 25 ko 30, ba ta canzawa. Waya kuwa takan rage ko ta ƙara yadda ta ga dama, musamman idan haske ya yi ƙasa, kuma zauren walimarmu da la'asar duhu-duhu ne. Ita murya ba ruwanta, tafiyarta ɗaya. Idan manhaja ta ɗauka firem ɗin a daidaice suke, sai hoto da murya su riƙa rabuwa kaɗan-kaɗan. Ko bambancin 30 da 29.97, da ba ya kama da komai, yana tara daƙiƙa 3.6 a awa guda. Shi ya sa farko yake fita tsaf, ƙarshe ya lalace.

Wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna MediaInfo ce ta nuna mini haka ƙarara: fayil ɗin kyamara firem ɗinsa tsayayye, na wayoyin biyu masu canzawa. Maganin ma kyauta ne. Na zuba bidiyon wayoyin a HandBrake, manhajar juya bidiyo, na zaɓi firem 30, na tsayar da shi a kan haka, na bar laftof ya kwana yana juyawa. Wuta ba ta tsaya ba, sai da na sayi fetur na tayar da janareta. Daga nan na sake yanka komai tun daga farko, domin wuraren da na yanka a baya duk sun goce.

A Kdenlive, manhajar haɗa bidiyo ta kyauta, na sake aikin. Abin da ya burge ni, ita da 'yar'uwarta Shotcut, idan ka jefa musu irin wannan fayil suna yi maka gargaɗi, su ce a juya shi tukuna. Kada ka rufe wannan saƙon da gaggawa, ka amsa ka jira. Duka biyun ba sa manna tambarinsu a kan aikinka, ba sa ƙayyade maka tsawon bidiyo, ba sa neman intanet kafin su yi aiki. Ga mai ƙaramar kwamfuta, ya kunna furoksi, wato manhajar ta yi ƙananan kwafi marasa nauyi ka yi yanka da su, sai a wajen fitarwa ta koma ga na asali. Da wannan dabara laftof ɗina ya ɗauki hoto uku da murya a jere ba ya sarƙewa.

DaVinci Resolve ta kamfanin Blackmagic Design ta fi su ƙarfi wajen gyaran launi, kuma ta kyautar tana fitar da hoto har 3840 da 2160. Sai dai tana son ram 16 da katin hoto mai kyau, ga cin data wajen saukewa, don haka na ajiye ta sai na canza na'ura. CapCut kuma ta yi wa gajeren bidiyon da za a ɗora a WhatsApp, amma ban yarda in haɗa walimar awa guda a fuskar waya ba. Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne rubutu: wasu nau'o'in haruffa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga akwati a tsakiyar sunan yaro. Nau'in haruffa mai suna Noto Sans yana da su duka.

Yanzu in zan ɗauki taro, sai na sa a tafa hannu sau ɗaya gaban duk na'urorin kafin a fara, a sake tafawa bayan an rufe da addu'a. Idan tafin farko ya dace na ƙarshe bai dace ba, na san akwai fayil ɗin da zai shiga HandBrake. Ba na zuba wa kowa a memori sai na kalli bakin mai karatu na ƙarshe.

Memorin iyaye na bi gida-gida na karɓo, na sake zubawa ban karɓi ko sisi ba, kuɗin fetur ma daga aljihuna. Wasu kuwa sun riga sun tura wa dangi a Bauchi da Kano, kuma wannan lalataccen ne har yau yake yawo da sunan makarantarmu a kansa.