Daren da na jira Apollo 8 a tsakar gida

Talata, bayan isha'i.

Tun la'asar aka ɗauke wuta. Zafi ya hana zaman ɗaki, sai na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na buɗe faifan da ƙanena ya turo mini tun makon jiya yana ta naci in saurara: The Race for Space, na wasu makaɗan Landan, Public Service Broadcasting, wanda ya fito a 2015.

Kusan babu mai rera waƙa a ciki. Tsofaffin muryoyi suka tono daga ma'ajiya suka ɗora a kan jita da ganga: jawabin shugaban Amurka Kennedy na 1962 a Houston; ƙarar Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko, ta 1957; labarin Gagarin, mutum na farko da ya je sararin samaniya. Da farko ban kama bakin zaren ba.

Sai na iso kan waƙar Apollo 8, kumbon Amurka da ya fara kai mutane zagayen wata. Ranar 24 ga Disambar 1968 'yan sama jannatin da ke cikinsa, Borman da Lovell da Anders, suka kewaya bayan wata, inda saƙon rediyo ba ya kaiwa. A can za su kunna injin da zai sa kumbon ya kama zagayen wata, kuma babu wanda zai san ya kama ko bai kama ba sai sun ɓullo. Fiye da rabin awa ana zaman jiran tsammani. A nan kiɗan ya lafa, ya koma kamar bugun zuciya, mai sanarwa yana ƙirga lokaci cikin natsuwa. Wallahi na san sun dawo lafiya, amma tafin hannuna ya jiƙe da gumi. Da muryarsu ta dawo, ganguna suka ɓarke gaba ɗaya, sai ga ƙwalla a idona.

Baba yana kishingiɗe a kujerarsa ya ce, "Ke kuma lafiya?"

Na cire abin kunne ɗaya na miƙa masa, na mayar da waƙar daga farko. Ya saurara har ƙarshe bai ce uffan ba. Can ya ce, "Kin san NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ta taɓa kafa tasha a nan Kano? Da ɗan sama jannati John Glenn ya zagaya duniya a 1962, ta kanmu ya bi, har ya yi magana da ma'aikatan tashar."

Na ce, "Baba, a garin nan?"

Ya gyaɗa kai yana kallon sama. Cajin wayata ya rage kashi 4, duk da haka ya ce in sake sa masa wurin da suka yi shiru.