Shanun Laka Sun Fara Jure Wuta

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon ginin yumɓu. Tun shigowar hunturu na ajiye tukwane gefe, na koma kan shanun laka, irin waɗanda yara ke ginawa a bakin kududdufi da damina, su jera a rana su bushe. Burina su jure wuta kamar tukunya, amma kada su rasa kamannin hannun yaro.

Irin san da yaro ke ginawa curi ne, ciki da waje duk laka. Rana ba ruwanta da wannan, wuta kuwa ba ta yarda. Danshin da ya maƙale a tsakiya, da zafi ya kai digiri 100 sai ya zama tururi, in bai sami mafita ba ya tarwatsa aikin. Don haka yanzu in na gina sa, sai in bar shi ya sha iska har ya daina manne wa hannu, in raba shi biyu da zare, in ƙwaƙule cikin da cokali, in bar kauri bai wuce ƙaramin yatsa ba. Sai in karce bakunan, in shafa yumɓu mai ruwa-ruwa in haɗe, in huda ƙaramar ƙofa a ƙarƙashin ciki. Dabarar tsohuwa ce. Mutum-mutumin Nok, da aka fara tonowa a 1928 wajen haƙar kuza a kudancin jihar Kaduna ta yanzu, yawancinsu holoƙo ne, da huda a ido da hanci da baki.

Wata maginiya a unguwarmu, Allah ya saka mata, ta ce in riƙa daka tsingaro in tankaɗe in cuɗa da yumɓun. Tsagewa ta ragu ƙwarai.

Ƙaho ne ya fi cin lokaci. Siriri ne, yana rigan jiki bushewa, sai ya tsage daga gindi. Ina naɗe shi da 'yar leda, in bar sauran jikin a buɗe a inuwa, har su bushe tare. Wanda ke farawa ya fara da Bokoloji, mai gajeren ƙaho da kaurin jiki. Bunaji na biye. Rahaji, jan san nan mai dogayen ƙahoni, sai hannu ya faɗa.

Wasu sun ba ni shawarar in goge jikin sumul, in zana ido, in fitar da kofato. Ban ɗauka ba. Yaro da yatsa uku yake tsunkuno tozo, ya ja ƙafafu huɗu guntaye, wani lokaci ko baki ba ya yi, amma kowa ya gani ya san sa ne. Wannan sanin abin da za a bari shi nake son in koya. Shatin yatsa ina barinsa a tozo da wuya, gadon baya kaɗai nake gogewa da dutse mai santsi.

Wajen gashi, ina fara ɗumama su a gefen wuta, sannan in jera a rami, in rufe da busasshen kashin shanu da karan dawa. Jajayen, ina yayyafa musu ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, tun suna da zafi, sai su yi duhu mai sheƙi. Bunaji ba ya son makuba, tana ɓata masa fari. Shi farar ƙasa nake dama masa, irin ta Ƙanƙara, in shafa tun jikin na da danshi.

A nan aikin ya tsaya: farin yana ɓanɓarewa a tozo bayan gashi. Zan gwada gauraya farar ƙasar da ɗan yumɓun jikin, ko za su janye tare. Duk wanda ya taɓa wannan gwajin, don Allah ya faɗa mana awon da ya yi masa daidai, domin ina so in gama da shanu kafin in shiga asusu da 'yan tukwanen wasa.