Hajiya da Masu Kiran da Ba Sa Amsa Gaisuwa

Wata ranar Laraba na dawo daga kasuwa bayan la'asar, na tarar da mahaifiyata Hajiya a tsakar gida da faranti a cinya tana tsinkar zogale, 'yar wayarta mai tocila a maƙale a kunne. Ina jin ta tana cewa, "Lafiya lau. Ya gida? Ya yara? To madalla." Sai ta yi shiru tana gyaɗa kai. Da na matso na tsugunna zan gaishe ta, sai na jiyo muryar wata mace tana ta zuba Turanci ba numfashi, ga kiɗa a ƙarƙashi.

Na ce, "Hajiya, ke da wa?"

Ta rufe bakin wayar da tafin hannu, ta rage murya. "Wata baiwar Allah ce, kullum sai ta kira. Ba na jin abin da take faɗa, amma ai ba a kashe wa mutum waya yana cikin magana."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na shiga ɗaki na ba matata labari, muka ƙara yin wata.

Abin da ban haɗa da wannan baiwar Allah ba shi ne maganar kati. Duk Juma'a nakan loda wa Hajiya na naira 500, kuma ba mai doguwar hira ba ce a waya, gaisuwa ce da ban gajiya. Amma kafin Litinin sai ta ce an cinye. Zargi ya faɗa kan jikokinta, musamman babban ɗana, ɗan shekara tara, wanda shi ne mai kai mata wayar caji. Yaron nan ya yi rantsuwa har da hawaye, ban saurare shi ba. Sati guda na hana shi kuɗin tara. Sai wani dare da na rasa abin yi na ɗauki wayar na buɗe akwatin saƙo, na ga tes sama da ɗari biyu da ba a taɓa buɗewa ba. Ashe Hajiya tana biyan kuɗin waƙar da mai kiranta yake ji, tana biyan na shawarwarin rage ƙiba, tana kuma biyan na sakamakon ƙwallon Turai. Hajiyar da ba ta san ko mutum nawa ne ke buga ƙwallo ba. Muryar nan da take gaisawa da ita faifai ne aka naɗa, a ƙarshensa ana cewa a danna ɗaya, ita kuma garin neman ƙara sauti takan danna duk abin da yatsanta ya samu.

Washegari na ba yaron haƙuri, na haɗa masa kuɗinsa na satin. Ya karɓa bai ce komai ba, kallon da ya yi mini kawai ya ishe ni.

Da zafin wannan na kafa doka a gidan: duk lambar da babu suna a kanta, kada a ɗauka. Na zauna na shigar wa Hajiya lambobin 'yan uwa kusan arba'in, na nuna mata cewa in ta ga rubutu ta ɗauka, in ta ga lambobi zalla ta ƙyale. Ta bi dokar, don ba ta son musu da ni. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta faɗa, sai dai ta ce "yaron nan".

Dokar ta yi wata ɗaya da 'yan kwanaki. Ranar wata Asabar da hantsi wata baƙuwar lamba ta kira ta sau biyar tana kallo. Sai da azahar ƙanina ya shigo da labarin cewa aminiyarta ta ƙuruciya ta rasu da asuba a ƙauye, maƙwabcinsu ne ya ari waya yana ta neman ta. Kafin mu samu mota mu isa, an daɗe da dawowa daga maƙabarta. A hanyar dawowa ba ta yi magana ba, sai da muka kusa gida ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Mutuwa dai ba ta da lamba a cikin waɗanda aka rubuta mini."

Garin neman gira na rasa ido. Shawarar nan ta kada a ɗauki baƙuwar lamba, wataƙila ta dace da wanda duk harkarsa a rubuce take zuwa masa. Mu kuwa sanarwar rasuwa, da haihuwa, da ɗaurin aure, da yaron da ya ɓata a kasuwa, duk a wayar aro suke zuwa, kuma gawa ba ta jiran kowa. Na soke dokar a daren.

Daga nan ne na yi abin da ya kamata in fara da shi, wato tambaya. Wani abokina mai gyaran waya ya ce, "Kai har yanzu ba ka tura STOP ba?" Ashe tun ranar 1 ga Yulin 2016 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta wajabta wa duk kamfanonin layi su buɗe lambar 2442 domin wanda ba ya son a dame shi da talla. Kyauta ne. Ka rubuta STOP ka tura wa 2442, sai a rufe maka tallan gaba ɗaya. In kana son a bar maka wani ɓangare, ka tura HELP, za a jero maka su: harkar banki, ilimi, lafiya, wasanni, addini da sauransu, ka zaɓa. In kana son ka tabbatar an yi, ka tura STATUS. Shekaru nawa abin nan yana nan, ni ina ta ƙunƙuni ina goge saƙo da hannu.

Na tattara wayoyin gidan a kan tabarma, layuka shida, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wani abu da ya kusa wuce ni: rufe talla daban, cire abin da aka riga aka yi rajistarsa daban. Ƙwallon Hajiya bai tsaya da 2442 ba, sai da na danna *305#, lambar da aka ware don soke irin waɗannan hidimomi tun da aka daidaita gajerun lambobin kamfanoni a 2023. Layi biyar suka yi tsit cikin kwana biyu. Na shida, na matata, ya ci gaba da samun kira. Na kira 300, sashen sauraron abokan hulɗa na kamfanin, na shigar da ƙorafi, na sa suka ba ni lambar shaidar ƙorafin na rubuta a bayan kalanda. Na kuma gaya wa yarinyar da ta amsa, cikin lalama, cewa in ba a gyara ba zan kira 622, layin hukumar na kyauta. Ban kai ga kira ba. Alat ɗin banki kuwa bai daina zuwa ba, wannan shi ne abin da matata ta fi jin tsoro.

Na ɗauka an gama. Ashe na kori masu ladabin cikinsu ne kawai, waɗanda suke da ofis da lasisi da hukumar da za ta ci su tara.

Na gaba da suka zo masu bashi ne. Ɗan wata ƙanwar Hajiya ya ci bashin naira 15,000 a wata manhajar ba da lamuni ta waya, kuma a lokacin sauke ta ya amince ta shiga jerin lambobinsa. Da wa'adi ya wuce sai suka bi lambobin nan kaf. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a wannan karon mu na gefe muka jiƙe. Kira da safe, kira da dare, wani lokacin mutum, wani lokacin faifai mai maimaita sunan yaron yana kiran sa ɓarawo. Hajiya ta daina cin abincin kirki. A wurinta ba maganar kuɗi ba ce, sunan gidansu ne ake yawo da shi a bakin baƙi.

Nan ma sai da na fara da kuskure. Na karɓi wayar na zazzaga wa wani daga cikinsu masifa, ya rama da wadda ta fi tawa, kiran ya ninka. Aikinsu ke nan, ni kuma ina da kasuwa da zan buɗe da safe. Daga baya na bi a hankali. Na ɗauki hoton kowane saƙo, na rubuta ranaku da lokutan kira, na tura musu saƙo guda ɗaya tak cewa mai wannan layi ba ta ci bashi ba, ba ta tsaya wa kowa ba, kuma muna ajiye shaida domin kai wa hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC. Ba barazanar banza ba ce, domin hukumar ta taɓa kai samame ofisoshin irin waɗannan kamfanoni a Legas a watan Maris na 2022, kuma daga ƙarshen Mayun 2023 Google ya hana manhajojin lamuni da ke shagonsa shiga lambobi da hotunan mutane a Najeriya. Shi ya sa marasa rajistar suke bi ta bayan gida, su turo maka mahaɗi ka sauke da kanka, kamar yadda yaronmu ya yi. Bayan saƙon na toshe kowace lamba da ta sake kira. Sun ragu sosai. Amma in faɗi gaskiya, ba su ɗauke ƙafa gaba ɗaya ba sai da uban yaron ya sayar da tunkiya ya biya.

Waɗanda suka fi ba ni tsoro ba su da hayaniya ko kaɗan. Wata rana ina kasuwa wani ya kira Hajiya da Hausa tatacciya. Ya yi sallama, ya kira ta da cikakken sunanta, ya tambayi jiki da jikoki, ya kira ta Mama. Ya ce daga banki yake, an samu matsala tsakanin BVN ɗinta da lambar NIN, in ba a gyara kafin ƙarfe huɗu ba za a rufe asusun, kuma shi tausayinta ne ya sa ya kira da kansa. Matata ta fito daga kicin ta same ta ta ɗauko katin ATM daga cikin adaka, tana ɗaga shi wajen haske tana karanto lambobin. Saura huɗu. Ta ce, "Hajiya, don Allah ba ni shi mu gaisa." Tana cewa a faɗa mata reshen bankin za mu zo da kanmu, ya kashe. Da yamma muka je aka toshe katin aka ba da sabo.

A daren na ce, "Hajiya, ba ki ji wani abu a ranki ba?"

Ta ce, "Na ji. Amma yaro ya gaishe ni da ladabi, ta yaya zan ce masa ƙarya yake?"

Wannan amsar ce ta buɗe mini ido. Duk tsawon lokacin nan ina neman maganin a cikin waya, alhali ƙofar da suke shigowa ta nan kunyar Hajiya ce. Mace ce da aka tarbiyyantar a kan ba a katse baƙo, ba a ƙaryata mutum a gabansa, ba a barin sallama ba amsa. Mai faifan talla da ɗan damfara duk a kan wannan suke cin abinci. Kuma ni ba na son ta rabu da halin nan, ko da zan iya raba ta da shi. Abin da take buƙata hanyar fita ce da ba za ta ji ta yi rashin mutunci ba.

Sai muka shirya mata magana guda. Duk wanda ya ambaci banki, kuɗi, kati, kyauta ko wata lamba, ta ce masa ɗanta ne ke kula da wannan, ya bari ya dawo. Ta ƙi cewa "ɗana", ta mai da shi "bari yaron nan ya dawo". Hakan ma ya yi. Ɗan uwa na gaske zai bar sallahu. Ɗan damfara kuwa gaggawa ce jarinsa, yana jin za a jira wani sai ya gudu.

Ni ma na binciki kaina, domin lambobin nan ba daga sama suke samun su ba. Na tuna takardun gasar cin kyauta da na cike a manyan kantuna, da mahaɗan tallafi da ake yaɗawa a WhatsApp, waɗanda na zuba wa lambata da ta Hajiya har da sunayenmu, ina cewa ba a san inda rabo yake ba. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 tana nan, amma ba za ta kwaso mini abin da na watsar da hannuna ba. Yanzu layin da ke haɗe da banki ba na ba kowa shi, akwai wani daban na kasuwa da cike takardu. Filashin dare daga lambar ƙasar waje kuma, mai ƙara sau ɗaya ya katse, ba ma bin sa. Tarko ne, kiran da ka mayar shi ke kwashe katin. Mai nemanka da gaske zai sake kira.

Maganin faifai kuwa Hajiya ce ta samo abinta. Tana ɗauka sai ta yi sallama ta ce, "Ɗan gidan wa ne?" In aka amsa, mutum ne, a ci gaba. In aka zarce da magana ba a kula ta ba, sai ta ce, "Wannan ba shi da gida," ta kashe hankalinta kwance.

Satin da ya wuce mahaifin matata ya kira ta daga ƙauye da wayar aro, zai yi mata bangajiyar suna. Sabis ɗin wajen yana jinkiri, tambayarta ba ta isa gare shi ba ya riga ya fara jero gaisuwa. Ta kashe. Ya sake kira, ta sake kashewa. A karo na uku ta miƙa wa jikanta wayar ta ce ya toshe mata wannan injin, ya cika naci. Yaron ne ya gane muryar kakansa.

Ranar Lahadi ni na tafi ƙauyen da ƙwaryar goro, ita kuma ta ce in gaya masa laifin yaron nan ne.