Daga Bronx zuwa Gidan Tarihin Yogi Berra

Makon jiya na dawo daga Amurka, inda na sauka a Bronx, a gidan wani Alhaji ɗan zangon Kumasi wanda ya daɗe yana tuƙin tasi a New York. Gidansa bai da nisa da filin wasa na Yankees, don haka duk daren da ake wasa muna jiyo ihun 'yan kallo daga ɗaki. Da na ce masa ban ga abin ihu a wasan besbol ba, sai ya yi dariya, ya ce, "Malam, gobe ka shirya, zan kai ka wurin wani tsoho da ya san darajar kansa."

Washegari ya ajiye aikinsa na yini guda, ya kuma hana ni zuba ko da kwabo na mai. Muka tsallaka Kogin Hudson zuwa New Jersey, har harabar Jami'ar Montclair, inda aka buɗe gidan tarihin Yogi Berra, shahararren ɗan wasan besbol na Yankees, a 1998. A hanya na sayi shayi kofi ɗaya dala biyar, na lissafa a naira, sai na ji ya tsaya mini a maƙogwaro, domin a Kano kuɗin nan zai shayar da teburin mai shayi gaba ɗaya, har da ƙwai.

Abin da ya fara ba ni mamaki a hotunan shi ne gajartar mutumin. Ɗan Italiyawa 'yan ci-rani ne, an haife shi a St. Louis a 1925, ya bar makaranta tun yana yaro, ya kuma shiga sojan ruwa har ya halarci saukar sojojin ƙawance a Normandy ta Faransa a 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Aikinsa a fili shi ne tsugunawa a bayan mai bugu yana cafke ƙwallo, kuma da tsugunon nan ya ci kofin World Series, wato kofin zakarun besbol na Amurka, sau 10 da Yankees, aka zaɓe shi gwarzon gasarsu a 1951 da 1954 da 1955.

Amma inda Alhaji ya tsayar da ni, ya riƙe mini hannu, shi ne labarin zamansa koci. A 1964 ya kai Yankees wasan ƙarshe, suka faɗi a karawa ta bakwai wadda ita ce ta raba gardama, aka sallame shi. Ya kai Mets, wata ƙungiyar New York, wasan ƙarshe a 1973. Ya sake karɓar Yankees, sai a 1985, bayan wasa 16 kacal, mai ƙungiyar, George Steinbrenner, ya kore shi, kuma bai ma tare shi da kansa ba, aike ya yi. Korar ba ta dami Berra kamar aiken ba. Ya ƙaurace wa filin shekara 14, har sai da attajirin ya tako zuwa wannan gida a Janairun 1999 ya ba shi haƙuri. Na yi ta tunanin kociyoyinmu da suke jin korarsu a rediyo, su shekara suna bin bashin albashi, kuma ban taɓa jin mai kuɗin da ya je biko ba. Berra ya rasu a 2015 yana da shekara 90.

Mun dawo da la'asar cikin cunkoso. Bayan kwana biyu na kama hanyar gida, kuma a filin jirgi wani jami'i ya zazzage jakata ba ko sannu, ya ɗaga hula mai lamba 8, lambar rigar Berra, da Alhaji ya saya mini, ya jujjuya ta, sannan ya jefa mini ita.