Abin da tsohuwar wayata ta nuna min yau

Ɗazu ina wurin aiki saƙo ya shigo min cewa an ga motsi a falo. Gabana ya faɗi. Tsohuwar wayar nan ce mai fasasshen gilashi, wadda na sa wa manhajar Alfred, mai mayar da waya kyamarar tsaro, na jingina a saman kantar falo, dare da rana tana jikin caja, har nakan taɓa bayanta kar batirin ya kumbura. Ina buɗewa sai ga Baba. Ya fito daga ɗaki yana dafa bango, ya yi taku ɗaya, ya tsaya, ya sake jan ƙafar. Daga bakin ƙofa zuwa kujera sai da ya yi kusan minti 2. Mutumin da kullum in na ce "Baba, ya ƙafar?" sai ya ce "Ai ta warke, kar ka damu."

Hoton dishi-dishi ne, amma na ga yadda ya runtse ido ya cije leɓe da zai zauna. Don ɓarawo na kafa kyamarar nan. Ya san tana wurin, mantawa kawai ya yi. Har yanzu ina ta juya yadda zan ce masa na gani.